Kwanon Kirsimeti na Kawu

Gidan kakanmu, a wani ƙauye bayan Jahun, ya daɗe da rabuwa biyu, wasu masallaci wasu coci, kuma hakan bai taɓa hana zumunci ba. Mama Kirista ce, yayanta da muke kira Kawu Musulmi ne. Duk Kirsimeti takan cika wani kwanon samira mai murfi da shinkafa da kaji, ta ba direba a tashar Dutse ya kai masa. Kwanon kan zauna wurinsa har Babbar Sallah, sannan ya dawo da soyayyen nama. A wajenmu ba a mayar da kwano fanko.

Ɗorawa ce ta raba su. Kawu ya sare wadda marigayiya mahaifiyarsu ke samun kalwa daga gare ta, ya sayar wa masu itace, ko shawara bai yi da Mama ba. Ta je har zaurensa ta ce ba ita ba shi. Zuciya gadon gidan ce, ni ma na sami rabona. Sallah ta zo kwano bai dawo ba, Kirsimeti ta zo shinkafa ba ta tafi ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa.

Wata Lahadi da damina, a ƙaramin cocinmu na Takur, Fasto ya yi wa'azi cewa Mulkin Allah ya kusa, kuma tuba ba a baki take tsayawa ba. Ya ce mai saɓani da ɗan'uwansa ya fara zuwa su shirya kafin ya kawo baikonsa. A hanyar gida, da muka sauka daga adaidaita, Mama ta dube ni.

"Wannan wa'azin da ni ake," ta ce. "Na cuci Yaya da bakina."

"To mu je gobe mana, Mama."

"Hannu Rabbana? Ya ce me ya kawo ni? Bari Kirsimeti ta zo, shinkafa ta yi mini magana."

Na yi mita, ta ce in rufe mata baki. Ta sayi zakaru biyu tana kiwo, kullum da safe tana sa Kawu a addu'a, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta gaskata Allah ya yafe mata, saura shi.

Ana cikin yankan gero Kawu ya faɗi a gona. Kafin mu isa an kai shi makwancinsa. Har yau in na tuna wannan tafiya raina ɓaci yake, ban ma san da wa nake fushi ba.

A wurin zaman makoki matar Kawu ta ja mu ɗaki, ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin zane.

"Duk Sallah sai Malam ya sa an wanke shi an zuba nama," ta ce. "In an zuba sai ya ce a bari sai baɗi, kada ki dawo masa da shi."

Mama ta rungume kwanon tana kuka. "An ce mini Mulkin Allah ya kusa, ni kuma na sa masa rana."

Da za mu taho, matar ta zuba mana sabon geron gonarsa a ciki.

Ranar Kirsimeti aka yanka zakarun. Mama ta cika kwanon ta rufe, ta ƙwala mini kira daga madafa.

"Zo ki kai tasha, a kai wa Kawunku tun da zafinsa."

Na zo na tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta dubi kwanon, sannan ta zauna a kan turmi.