Ranar da Baba Ya Yanke Igiyar Giwan Ruwa

Shekaranjiya ina dawowa daga unguwar Dokki a nan Alƙahira, na sauka daga jirgin metro a Ainu Shams, na bi ta layin masu kifi don in rage hanya. A teburin wani dattijo na ga kan giwan ruwa, an sare shi an jingina da ƙanƙara, bakin nan a wangame. Sai na tsaya. Mai kifin ya ce daga Aswan aka kawo shi, kilo nawa zai auna mini? Na ce kallo kawai nake yi. Ya ce ma'alish, ba komai, kallo kyauta ne, amma in matsa gefe masu saye su samu wuri. Na matsa, na ci gaba da kallon abina har ƙarni ya kama rigata. Shekara ashirin da huɗu rabona da tsayawa kusa da wannan kifi.

Ni ɗan masunta ne. A bakin tafkin Kainji aka haife ni, ta wajen Yawuri, a ƙauyen da kowane gida ke da taru a shanye a kan danga. Kuma ni ne ɗan fari, kai da ka tashi a gidan Bahaushe ka san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Ni ne "wancan". In Baba zai koya mini wani abu, ba ya kallona. Sai ya juya ga Kawu, ƙanen Inna, wanda ke tuƙa mana jirgi, ya ce, "A gaya wa wancan ya rage motsi." Kawu kuwa sarkin tsokana ne, sai ya waiwayo ya maimaita mini da ƙarfi kamar ina wani gari, alhali gwiwata na gugar ta Baba.

Da haka na koyi kamun giwa, kamar yadda muke kiran giwan ruwa, ta bakin mutum biyu. Sauran masunta na zuba taru su kwaso karfasa da kawara su koma gida da wuri. Baba ma yana yi, don ciki ba ya jira, amma zuciyarsa na ga giwa. Da bazara ta kama, ruwa ya fara ja da baya, duwatsu su fito, kawunan bishiyoyin da tafki ya haɗiye su leƙo, to lokacinsa ya yi. Ya ce giwa ba ta yawon banza. Tana laɓewa a inuwar dutse ko gindin busasshiyar bishiya, inda ruwa mai zurfi ya haɗu da marar zurfi, ta jira abinci ya kawo kansa. Don haka mu kan isa bayan asuba kafin rana ta buɗe, ko da la'asar sakaliya. Tun daga nesa Kawu ke daina tuƙi ya bar jirgi ya silala. Wanda ya bari filafili ya bugi katako, ranar ba shi da bakin magana.

Koto kuwa sai mai rai. Ƙaramar karfasa ake samu, kamar tafin hannu, a soka mata ƙugiya a gadon baya, a kauce wa ƙashi, don ta ci gaba da iyo. In ta mutu a canza, giwa ba ta cin mushe. Tsakanin ƙugiya da igiya Baba na sa waya kamu biyu, saboda gefen kumatunta kaifi ne da shi, yana datse igiya. Kullum sai ya wasa ƙugiya a dutse ya gwada ta a farcensa. In ka ji an taɓa, kada ka fizga, ka bari ta juya da koton tukuna igiya ta yi nauyi. In ka hango inuwarta tana biyo koto har gindin jirgi, kada ka ciro shi don tsoro, ka yi ta kewaya shi a cikin ruwa, sau da yawa a nan take kai hari. Sai haƙuri. Mun sha yin mako uku ko taɓawa ba a yi ba, Kawu na mita, Baba ko a jikinsa.

Doka mafi girma ita ce ta igiya. A ƙarshen kowace igiya akwai babbar gora a ɗaure. In giwa ta kama ta fi ƙarfinka, ka saki, ka jefa gorar a ruwa. Ta ja ta nutse, gora ta dawo da ita sama, ta sake nutsewa, kai kana bi a hankali har ta gaji ta juyo da farin cikinta, sannan a soke ta da zago, mashin masunta. Ba a naɗe igiya a hannu. Wannan na ji shi ya fi a ƙirga. Amma a gida ni ke jan guga a rijiya, ni ke ɗaure awakin Inna, kuma duk wanda ya yi waɗannan ya san hannu da kansa yake naɗe igiya ba tare da ya nemi shawara ba.

Akwai wata giwa a gindin wani baƙin dutse da Baba ya yi bazara uku yana bi. Sau biyu ta miƙar masa da ƙugiya. Ina ɗan shekara goma sha biyu aka fara ba ni tawa igiyar, don dai in saba. Da safen nan ruwa ya kwanta luf, sai warin laka da kukan tsuntsaye. Tafina na gumi, igiyar na santsi, ni kuma ba na so Baba ya ga ta suɓuce mini. Na naɗe ta sau uku a wuyan hannu. Cikin ikon Allah giwar ta bar koton Baba ta ɗauki nawa.

Ban ji taɓawa ba, fizga kawai na ji. Ta yi tsalle ta girgiza kai, na ga jikinta ya kusa tsawon Kawu, sannan ta yi ƙasa. Ƙirjina ya bugi bakin jirgi, kaina da kafaɗata suka shige ruwa. Kawu ya damƙi ƙafata. Igiyar ta nutse cikin nama, ba ta warwaruwa, gora kuma na can bayana ba ta da amfani. Baba ya zaro wuƙa ya yanke. Giwar ta tafi da ƙugiya da waya, ba mu sake ganin ta ba. Ya yaga gefen rawaninsa ya ɗaure mini hannu. Sannan ya kalle ni cikin ido, karo na farko a rayuwata, ya ce, "Wallahi ba za ka sake taka jirgi ba ina raye."

A lokacin na ɗauka haushin kifinsa ne. Sai da na girma na gane tsoro ne. Ko ma mene ne, maganar ta zauna. Aka mai da ni ga karatu, daga makarantar garinmu zuwa Sakkwato, daga nan aka dace da gurbi a Masar. In na je hutu ƙannena su shiga ruwa da Baba, ni in zauna a gaɓa ina gyaran taru da tsofaffi. Ba wanda ya sake tayar da zancen, ni ma ban tayar ba. Ta yaya ɗan fari zai tsaya gaban ubansa ya ce ya janye rantsuwa? Kawu ne kaɗai zai iya kai wannan saƙo, na yi ta cewa sai hutu mai zuwa, har Allah ya karɓi ran Kawun ina shekara ta uku a nan.

Yanzu shekarata goma sha ɗaya a Alƙahira. Karatun ya ƙi ƙarewa, ina haɗa shi da yi wa marasa lafiya daga gida tafinta a asibitocin Dokki. Kusan kullum sai na haye kogin Nilu a kan gada. Ina ganin masu fatsa a jingine da ƙarfe, koton a mace, ƙugiyar ba waya, bakina na ƙaiƙayi in gyara musu, in wuce. Abokan karatu kan haɗa kuɗi su shiga faluka, jirgin ruwan yawo na nan, da yamma su sha iska, su ce yalla mu je, in ce kaina na ciwo. Har suna suka sa mini, wai Basarke, ɗan masunta, mai tsoron ruwa. Abin dariyar, babin rantsuwa na littafin fiƙihu na haddace shi tun shekarar farko. Na san kaffara na warware ta, a ciyar da miskinai goma. Na san in na taka jirgi, nauyin a wuyan Baba zai faɗa. Sanin bai ƙara mini komai ba sai ƙunci.

Da daminar bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yana gani, yana ji, amma harshe ya ƙi. Wata safiya ina kan gada ina kallon wani ƙaramin jirgi, sai na kama zuciyata tana cewa saura kaɗan. Na tsani kaina a ranar, har abinci na kasa ci. Abin da na fi so a duniya an ɗaure shi da mutuwar ubana, ba na iya marmarin ɗaya ban taɓo ɗayan ba. Wannan ne na yi ta ɗauke da shi har na ci karo da kan kifin nan.

Jiya da hantsi na kira wayar ƙanwata na ce ta miƙa wa Inna. Muka gaisa irin gaisuwarmu, ita tana tambayar lafiyar "mutanen can". Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Inna, maganar jirgin nan da Baba ya rantse. Ko za a roƙa mini shi?"

Ta ce, "Ai an yi kaffara tun a shekarar. Bayan Sallah aka dafa tuwo da kifi, kwano goma. Wancan ne ma ya kai gida-gida."

Nan take na tuna. Hannuna bai gama warkewa ba, ina ɗaukar kwano da hagu, ina zaton sadaka ce ake yi wa kakarmu da ta rasu.

Na ce, "To me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Ba a tambaya ba. Shi kuma ya ga karatu ya karɓi mutum, ya zaci ruwan ne aka daina so. Ya ajiye igiya ɗaya da gorarta shekara da shekaru, sai da gara ta cinye."

Ban san me na ce mata bayan nan ba. Ƙanwata ta karɓi wayar ta ce an sayar da jirgin tun da Baba ya kwanta, kuma ko yana nan ma, taru mai ƙananan ido ya share tafkin, yaran yanzu a hoto suke ganin babbar giwa. Ta ce in zo. Na ce mata fasfona na ofishin iƙama, inda ake sabunta izinin zama, wata na biyar ke nan, kullum sai su ce in dawo mako mai zuwa.

Yau da safe na sauka matakalar da ke kai wa masu faluka. Wani ya miƙo mini hannu ya ce in shigo. Na sa ƙafa ɗaya a kan katakon, na ji ruwa ya motsa a ƙarƙashinsa, ƙafata ta gane shi tun kafin ni. Sai na janye. A shari'a ba abin da ya hana ni, wannan na fi kowa sani. Amma daga bakin Baba na ji hanin, kai tsaye, ba ta hannun kowa ba, kuma daga bakinsa nake so in ji an sake ni. Na ba mai jirgin haƙuri, na hau sama na sake kiran ƙanwata, na ce ta kara wa Baba wayar a kunne. Na gaishe shi, na ce ni ne. Na daɗe ina sauraron numfashinsa.