Dabino Biyu, Ƙara Ɗaya

Shekarar da muka koma Silver Spring a Amurka, maigidana yana koyar da kimiyyar fizis ga 'yan ajin farko a wata kwaleji, amma aikin na wucin gadi ne. Aka ce ranar Alhamis shugabar sashensu za ta zauna a ajinsa. In ta gamsu a bar shi, in ba ta gamsu ba ya nemi wani wuri. Ga ni da jaririya 'yar wata biyar. Tun Litinin hankalina ya ƙi kwanciya.

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ya sa ya ce da ni zai yi gwaji. Bayan la'asar ya zaunar da ni a kicin.

"Hajiya, in na saki dabino ɗaya daga bakin teburin nan, na cilla ɗaya gefe a lokaci guda, wanne zai riga taɓa ƙasa?"

"Wanda ka saki mana. Ɗayan ai yawo ya tafi."

"Tare za su sauka."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya cika takarda da zane. Wai tafiyar gefe daban, faɗuwa daban, ƙasa kuma ja ɗaya take yi musu. Ya ture dabinon biyu da rula har sau uku. In na bi wannan da ido, wancan ya ɓace mini.

Na ce, "Ban ga komai ba. Ɗalibanka ma kai za su gyaɗa maka su tashi."

Ya ce haka kuwa suke yi.

Sai na tuna gidanmu na Zariya. In yayyena suna lugude, Inna ba ta leƙowa. Daga ɗaki take jin taɓarensu sun faɗa tare, ta ɗaga murya ta ce a gyara hannu. Na ɗauko tire biyu na kayan aurena, na kife ɗaya a gindin tebur, ɗaya can gaba, na rufe ido.

"To, sake."

Kwal! Ƙara ɗaya tak. Na ce ya maimaita, don ban yarda da shi ba. Kwal! Jaririya ta farka, tsohuwar da ke zaune a hawan ƙasanmu ta bugo silin da sanda, mu kuwa dariya muke.

Ranar Alhamis ya shiga jirgin ƙasa da tirena a jaka. Ni da carbi a hannu har miya ta kama. Da ya dawo ya ce duk ajin ya sa sun rufe ido, har shugabar. Wani ɗalibi ya ce dabo ne, ya fito ya gwada da kansa, ya koma yana sosa kai.

Bayan mako guda saƙo ya zo: an bar shi, har da ƙarin aji. Na yi alhamdulillahi, sannan na tambayi tirena.

"Sashe ya ara, Hajiya."

"Har yaushe?"

Ya kama wasa da jaririya.