Karan Awon Ɗan Fari

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Haka na taso na tarar, haka na riƙe. Nawa ɗan farin "wannan yaron" nake ce masa, ko "yayanki" in da auta nake magana. Ba na zama da shi, ba na kallonsa ido da ido, in ya gaishe ni sai in amsa ina duban bango. Mutane suna yaba kunyata. Abin da ba su sani ba, son yaron nan kamar ya kashe ni.

Da ya shiga makarantar kwana, hutu ya zama abin da nake ɗoki kuma yake ƙona mini rai. Yau ya dawo, gobe da sassafe ya wuce gidan gem na bayan tasha, sai magariba. Hutu zai ƙare ban ji muryarsa ba in ban da gaisuwa. In ce masa ya zauna gida kuwa, ai na tona wa kaina asiri. Sai na yanke shawarar kawo gem ɗin gida: akwati na tsaye mai allo da maɓallai, irin wanda na gani a waya.

Ni malamin aikin gona ne, ban taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba. Na sanar cewa auta zan haɗa wa. Matata ta dube ni, ta dubi auta da ke tsotsar yatsa.

"Wagga yarinya da ko zane ba ta iya ɗaurawa, ita ka bugun gem? To, Allah shi ba da sa'a, Malam."

Ta gane, amma ta rufa mini asiri, har ta shigo aikin. Duk Asabar sai mu mai da tsakar gida wurin kafinta. Ita ke goge katako, ni ke yanka shi a karkace, auta ke fenti, kuma rabin fentin a jikin akuyarmu ya ƙare. Ƙanena ya ba mu tsohuwar kwamfuta da ya zuba wa wasannin zamanin da. Sandar juyawa kan giyar wata matacciyar mota ce da ta gaji da hanyar Wasagu. Maɓallai kuma na ƙararrawar ƙofa ne. Da na tara su a gaban Inyamurin da ke sayar da kayan wuta, sai ya ce, "Malam, gida naka ƙofa nawa ne?"

Saura tsawo. Dole allon ya zo daidai idon mai wasa, ni kuwa ba zan tambayi kowa tsawon yaron ba. Sai na tuna wani karan dawa da uwarsa ta yanke daidai tsayinsa lokacin da za a kai wa tela ɗinkin kayan makaranta. Yana nan soke a rufin ɗakin ajiya. Na zaro shi a ɓoye kamar ɓarawo, na auna, na mayar, ina jin kaina injiniya.

Ranar da muka kunna, in ka tura sanda dama sai ɗan mutumin cikin allo ya ruga hagu. Na ce mutum yana iya sabawa. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta sa ni na kwance wayoyin na sake haɗawa.

Da hutu ya zo, ina zaune a inuwar mangwaro ina yi kamar karatu nake, aka yi sallama da wata murya mai kauri. Na amsa ina shirin tarbar baƙo. Shi ne. Auta ta ja hannunsa zuwa gaban akwatin, ni kuma, a karon farko cikin shekaru, na ɗaga kai na kalle shi sosai. Allon a ƙirjinsa ya tsaya. Sai da ya duƙa kamar mai ruku'u kafin ya ga abin da ke ciki. Har gashin baki ya fara tsiro masa.

"Malam, da mi ka auna?" in ji matata.

Na saci kallon ɗakin ajiya. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da karan, ta jingina shi da bayan ɗanta. Ko kafaɗarsa bai kai ba. Ba a hutu ɗaya ya yi wannan girman ba. A gabana ya yi shi, ina duban bango.

Bai yi dariya ba. Ya zagaya akwatin, ya shafa gefen da na yanka a karkace, ya ce, "Baba, a sa mishi bulo a ƙasa."

Akwatin da ni da uwarsa muke ja da nishi, shi kaɗai ya rungume ya ɗaga. Na durƙusa a ƙafafunsa ina tura bulo, ina gode wa Allah da kaina a sunkuye yake, don idona ya cika. Da ya sauke, sai ya matsa gefe ya bar mini rabin maɓallan.

Muka yi wasa har la'asar, kafaɗa da kafaɗa, tasa a sama da tawa. Ya cinye ni kowane zagaye. Na zargi sandar giya, na zargi wutar lantarki, amma ban tashi daga wurin ba.