Malam Me-Ya-Jawo

A asibitin, Me-Ya-Jawo kowa ke ce masa, har sunan yanka ya ɓace. Shi ne mai kula da kwamfutoci. Ka kira shi firinta ta ƙi aiki, ba zai kashe ya kunna kamar kowa ba, ina! Sai ya ja kujera ya tsare ka kamar ɗan sanda: yaushe ta fara, wa ya taɓa, me aka canza? Yana da ban haushi, gaskiya, amma abin da ya gyara ya gyaru ke nan. Kwaskwarima, in ji shi, ƙarya ce.

Matarsa a ɗakin gwaje-gwaje take aiki, ita kaɗai ke iya tsokanarsa. "Maigida, shayinka ya huce, a binciko mana me ya jawo." Da ta rasu, ko tambaya ɗaya bai yi wa likita ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma aiki. Ba ya jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Abin da ya rage masa ɗaya ne: bai taɓa barin matsala bai tono saiwarta ba.

Kwatsam sakamakon gwaji ya daina isa kwamfutocin likitoci. Marasa lafiya suka cika benci. Shugabar asibitin ta ce, "Malam, don Allah a duba."

Ya bi wayoyi, lafiya lau. Ya koma ga tambayarsa ta kullum: me aka canza? Ofishin ma'aikata ne ya rufe asusun marigayiya na shiga kwamfuta, bisa ƙa'ida. Ashe shekarun baya, ranar da ya haɗa ɗakin gwaji da kwamfutocin likitoci, da asusunta ya gwada, tana tsaye a kansa tana zuba masa surutu, ya manta bai sauya ba. Duk sakamakon da ya taɓa fita, da sunanta ya wuce.

Ya san gyaran gaskiya: a buɗe sabon asusu, a goge nata. Aikin da za a gama ne kafin shayi ya huce. Ya daɗe yana kallon sunan, fanka na juyawa a kansa. Sannan ya sake buɗe nata. Sakamako ya fara zuba, kowanne da sunanta a ƙasa.

Shugaba ta leƙo. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Me ya jawo?"

"Ban gano ba, ranki ya daɗe," ya ce. "Amma kada kowa ya taɓa."