Hatimi Mai Giɓi

Ni haifaffen Daura ne, gidanmu ba nisa da Kusugu. Kafin in lalace, takardu nake buga wa mutane da kwamfuta a wani ɗan shago, kowa na yabon aikina. Samari, ku saurare ni da kyau, don ɓarnar da na yi ba ta gyaruwa.

Wata rana wani mai shirin aure ya shigo da takardar gwaji. An same shi da cutar hanta, irin wadda ke bin jini. Ya ce, "Malam, don Allah kalma ɗaya za ka canja min, akwai ta koma babu." Na ce a raina, kalma ɗaya kuma me za ta yi? Na canja.

Daga nan na sa aka sassaƙa min hatimin asibiti na bogi. Ya taɓa faɗuwa ya yi giɓi a gefe, ko a jikina. Har daga garuruwan Sandamu da Babban Mutum ake nemana. Ƙarshe ma takardu marasa suna nake bugawa, dillali ya je ya cike. Ana gama bikin ƙanwata Hadiza asirina ya tonu, aka ɗaure ni shekara biyu.

Ranar da na fito, na tarar da Hadiza kwance a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Ta rame, idanunta sun yi rawaya, ɗanta na gefe. Inna ta ce, "Ni abin ya ɗaure min kai. An yi wa mijin gwaji, aka ce lafiya lau." Ta ciro takardar daga adaka ta miƙo min. Innalillahi! Giɓin nan na fara gani.

Likita ya ce da an san gaskiya, ba sai an fasa auren ba. Allura uku za a yi mata kafin biki, jaririn kuma a yi masa tasa ranar haihuwa. Yanzu ita da ɗanta suna ɗauke da cutar.

Na durƙusa na faɗa wa Hadiza komai, ina kuka. Ta ce, "Na yafe maka, Yaya. Amma sauran matan fa, ka san gidajensu?"

Wallahi ban sani ba. Na tuba, na ƙone hatimin a zuciyata tun kafin hukuma ta ƙone shi, amma takardun suna can cikin adakokin mutane.

Ku je asibiti da ƙafarku a gwada ku, ku karɓi abin da aka rubuta, ku yi rigakafi. Wanda kuma ya yi aure da takarda mai hatimi mai giɓi a gefe, don girman Allah ya kai iyalinsa a sake gwada su. Ni ba ni da hanyar zuwa gare ku.