Hannun Gwaggo Mai Tausa

Kafin ta taɓa kowa, sai ta tsoma hannuwanta cikin ruwan ɗumi. Haka Gwaggo mai tausa take fara aiki kowace safiya a ɗakin masu jego na asibitin unguwarmu. Ta ja labule, ta dubi gadaje, ta ce, "To, yau wa nono ya hana sakat?"

Na daɗe ina mamakin abin da ake yi bayan labulen nan. Mace ta shiga tana cije leɓe, ta fito tana hira. Sai da ƙanwata ta haihu na gani da idona. Nononta ya cika ya yi tauri, ko riga ba ta son ta goge shi. Jaririn ya kai baki ya kasa kamawa, ya tsala ihu. Ita ma ta fashe da kuka, ta ce ta haƙura, a sayo madarar gwangwani.

Gwaggo ta zauna a bakin gado. Na zaci murza za ta yi da ƙarfi. Ashe shafawa ce kawai, a hankali, tana bi zuwa hammata. Sannan ta ɗora yatsu kewayen kan nonon, ta ɗan danna har wurin ya yi laushi.

Na kasa yin shiru. "Gwaggo, wannan ɗan shafe-shafen zai yi wani abu kuwa?"

"Ke 'yar nan, kumburi ne, ba wanki ba. In kin murje shi, ƙaruwa zai yi."

"A ina kika koya?"

"Rabi wurin ungozomar da na fara aiki a ƙarƙashinta, rabi a jikina. Haihuwata ta fari wata ta matse ni har na ga duhu. Na ce in dai da hannuna ne, ba wadda za ta sha wannan azaba."

Ruwan nono ya fara ɗiga. Gwaggo ta gyara wa jaririn kwanciya, ya cafke. Ƙanwata ta riƙo hannuna. "Yaya, saurara. Yana haɗiya!"

Da na bi ba'asi, kowa da nasa labarin. Likita ta ce da Gwaggo ta ji zazzaɓi a jikin mai jego ko ta ga wurin ya yi ja, ba ta tsayawa, kiranta take yi. Wani direba ya ce shi tawul mai sanyi ta danƙa masa ya riƙe wa matarsa, ta ce, "Tsaya nan, ai ɗan ba nata ne ita kaɗai ba."

Ƙarshen watan nan Gwaggo za ta ajiye aiki, gwiwa ta matsa mata.

Gwaggo, ke ce mai sauke wa uwa nauyin da take jin kunyar faɗa. Yaran da suka ƙoshi ta dalilinki ba su ma san fuskarki ba. Iyayensu sun sani. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma sababbin ungozomai, ku je ku zauna kusa da ita tun ba ta tafi ba. Ku tambaye ta komai. Ni na gwada, ba ta gajiya.