Yawu a Cikin Gam

Darlene Tuggle 'yar masunta ce. Ubanta jatan lande yake kamawa a Titusville, ita kuma ɗinkin kujerun kwalekwale take yi kafin a ɗauke ta aikin kumbon zuwa sararin samaniya. Ni ina ɓangaren ɗinkin bargunan da ke kare kumbon daga zafi, ita tana ɓangaren tayil, amma mota ɗaya muke shiga da safe, don shinge kawai ya raba gidajenmu. Bakinta ba ya mutuwa. Ko fasto ya yi tuntuɓen harshe a coci sai ta tare shi a ƙofa ta gyara masa.

Aikinta tsayuwa ne a ƙarƙashin cikin kumbo, hannu a sama wuni guda, tana manna tayil. Duk sanda kumbon ya dawo sai a ja shi cikin rumfa, a cire waɗanda suka tsage, a sa sababbi, a sake harba shi. Tayil ɗin ba nauyi, kamar busasshen burodi, amma shi kaɗai ke tsakanin 'yan sama jannati da wutar da ke lasar kumbon in zai sauko.

Jan gam ɗin da suke aiki da shi saurin bushewa gare shi, kafin ka manna biyu ya daskare sai ka sake kwaɓa wani. Tsoho Hoyt, wanda ya koya mata aiki, shi ya nuna mata dabara: a tofa ɗan yawu a juya, sai gam ya jira mutum. Ba a ɓoye ake yi ba. Duk 'yan layinsu haka suke, har tsokanar juna suke yi wai wane yawunsa ya fi auki. Hoyt ya yi ritaya, ya mutu, dabarar ta zauna.

Wata safiya, kumbon yana sama da mutane a ciki, ogansu Wendell ya tara su. Ya ce masu gwaje-gwaje sun gano gam yana rasa ƙarfi in danshi ya shige shi, ya tambaya ko akwai mai ƙara ruwa a kwaɓi. Kowa ya sunkuyar da kai, har da masu auki. Na raina mazan nan ranar, har yau ban daina ba.

Da muka tashi Darlene ta zura wa titi ido har gida. Na tsorata, don ban taɓa ganin ta haka ba. Sai da na kashe mota ta ce, "Peg, ƙarƙashin fiffiken hagu duk hannuna ne. Ba wanda ban tofa wa ba."

Washegari ta je ta faɗa wa Wendell da bakinta. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai an gwada jan kowane tayil kafin tashi kuma sun riƙe. Ta ce an gwada su a rumfa ne, ba bayan sun sha girgiza da sanyin can sama ba. Ya ɗauki waya, injiniyoyi suka shiga taro suka fito, amsar dai ɗaya ce: ba mai iya hawa ya gyara, kuma hanyar gida ɗaya ce, ta cikin wutar.

A bangon rumfa akwai hoton matafiyan da iyalansu, kamar yadda ake liƙawa kowace tafiya. Darlene ta koma zagayawa ta ƙofar baya don kada ta wuce gabansa. Abinci ya gagare ta. Na soya mata tarwaɗa, ta kalle ta ta ture. Ta ce min ko haɗiyar yawu ba ta son yi. Ni ma tsoron ya kama ni.

Ranar sauka muka fito filin ajiye motoci, rana na dukanmu, rediyon motar Wendell a buɗe. Akwai lokacin da wuta ke rufe kumbon magana ta yanke, ba mai jin su, ba sa jin kowa. Kullum ana yi, mun saba, har hira muke yi a lokacin. Ranar ba wanda ya yi tari. Darlene ta riƙe min hannu har farcenta ya shige ni, tana motsa baki ba sauti. Na ga kamar shirun ya wuce na kullum, na kasa tambayar kowa.

Sai muryar matuƙin ta dawo, a natse kamar mai neman a miƙo masa gishiri. Can kuma ƙarar nan biyu da kumbon ke yi in ya kusa sauka ta dira, tagogin motoci suka amsa. Mutane suka ɓarke da tafi, Darlene ta zame ta zauna a kan kwalta mai zafi.

Da aka ja kumbon cikin rumfa ya huce, ita ta fara shiga ƙarƙashin fiffiken, ni da Wendell muna bin ta. Tayil ɗinta duk suna nan, sun sha wuta amma ba giɓi ko ɗaya. Wendell ya yi dariya ya ce, "To uwar 'yan tsoro, kin gani? Kin hana mu barci a banza."

Ba ta kula shi ba. Ta ɗaga hannu ta sa yatsu biyu a gefen wani tayil, ba ta ma ja da ƙarfi ba, sai ga shi a tafinta. Dariyar Wendell ta tsaya.

Ta juya shi, ta dubi bayansa, ta dube ni. "Peg, to me ya riƙe shi?"

An cire aikin layinsu kaf aka sake, aka kuma hana tofin. Ba a kore ta ba, ta ci gaba da manna tayil har kafaɗunta suka gaza. Yanzu ta tsufa. Wani lokaci muna shan shayi mai ƙanƙara a barandata sai ta ajiye kofi ta sake yi min tambayar, ni kuwa har yau ban sani ba.